Yadda za ka horar da muryar waƙa ka tsare ta daga dishewa a Damagaram

Duk shekara, da an sauko daga ƙaramar Sallah bukukuwan aure sun kankama a Birni da Zango da Garin Malam, sai yaran da nake koya wa waƙa su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, murya a dishe. Tambayarsu guda ce: "Malam, me zan sha?" Wani ya riga ya sha zuma da citta, wani ya kwankwaɗi ɗanyen ƙwai, wata ta tsotsi Tom Tom har ganɗarta ta yi sanyi. Ni kuwa sai in mayar musu da tambaya: ƙarfe nawa ka kwanta jiya, ruwa nawa ya shiga cikinka tun safe, kuma da ka ajiye makirufo, da wa ka tsaya hira a gindin lasifika? Amsar waɗannan ukun ke gaya mini inda muryar ta tafi.

Na yi shekaru ina amshi kafin maigidana ya yarda in ja waƙa, na kuma taɓa rasa muryata wata uku cur, zan zo kan labarin. Abin da wannan wahala ta koya mini shi ne maƙogwaro ɗan ƙaramin ma'aikaci ne, mu ke ɗora masa kayan da ba nasa ba. Bayanin nan na mawaƙin buki ne da mai bege da zabiya da yaron sitidiyo, har da ladan da alaramma mai jan baƙi. Zan riƙa cewa "ka", amma ƴar'uwa, da ke ma nake.

San abin da kake kaɗawa

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka ce "aaa". Karkarwar da ka ji daga wasu tantani biyu take, suna kwance a bayan guringuntsin nan, a bakin hanyar iska. Malaman harshen Hausa suna ce wa wurin nan maƙwallato, su kuma suna ce musu tantanin maƙwallato. Na namiji ba ya wuce santimita 2 da rabi, na mace bai kai 2 ba. Kana numfashi suna buɗe. Za ka yi sauti sai su haɗu, iskar huhu ta bi tsakaninsu tana kaɗa su yadda take kaɗa karan bakin algaita. A magana ta yau da kullum, na namiji suna tafawa kamar sau 110 a sakan guda, na mace kamar sau 200. Zabiyar da ta riƙe sautin da ake daidaita fiyano da shi, mai kaɗawa 440, tantaninta sun bugi juna sau 26,400 cikin minti ɗaya. Sai ka auna daren buki guda.

Hawa da saukar murya kuwa, dubi mai kalangu. Ya matse igiyoyin a hammata fata ta ɗaure, sauti ya hau. Ya sassauta, ya sauka. Haka wasu ƴan tsokoki na ciki ke miƙe tantanin nan su sake su. Jijiyoyin da kake gani sun tashi ruɗu-ruɗu a wuyan mawaƙi ba aikinsu ba ne, shisshigi suke yi, kuma su ke kawo gajiya.

Ga abin da nake so ya zauna maka kafin mu ci gaba. Duk abin da ka haɗiya ba ya taɓa waɗannan tantani. Lokacin haɗiya akwai murfin da ke rufe hanyar iska, abinci ya bi ta baya zuwa ciki. Ranar da ɗigon ruwa ya kuskure ya shiga wajensu, ai ka san yadda yake sarƙe ka. Saboda haka zuma tana sanyaya ƙaiƙayin maƙoshi, tana rage tari, ban hana ka ita ba, amma ba ta isa inda sauti ke fita. Abu biyu ke isa can: iskar da ka shaƙa, da ruwan da ya riga ya bi jini. Wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel Garcia, shi ya shahara da leƙa tantanin nasa suna aiki a 1854, da ɗan madubin masu gyaran haƙori da hasken rana. Har yau likita leƙawar yake yi.

Mataki na farko: numfashi

Shimfiɗa tabarma ka kwanta rigingine, ka ɗora littafi a kan cibiya. Shaƙi iska ta hanci. Littafin ya kamata ya tashi, ƙirji da kafaɗu su zauna lafiya. Dalili kuwa, tsakanin ƙirji da ciki akwai faffaɗar tsoka mai siffar ƙwarya a kife. In ta sauka sai huhu ya cika, kayan ciki su turo gaba. Yi haka minti biyar kullum har mako guda, sannan ka miƙe tsaye ka nemi wannan motsin. Kama kwiɓinka da hannu biyu, a kan haƙarƙarin ƙasa. In ka shaƙa, hannuwan su buɗe gefe da gefe. In kafaɗa ta ɗaga, koma tabarma.

Shaƙar ba ita ce wuyar ba, sakin ne. Mu mutanen Damagaram ba sai an koya mana tattalin ruwa ba. Ka tuna ranar da famfo ya ƙi kawowa, rabin buta ya rage, ga alwala. Ba tuntsurar da butar kake yi ba, karkata ta kake ruwa ya zubo siriri, bai yanke ba bai kwarara ba. Haka ake sakin iska a waƙa: haƙarƙari ya daɗe a buɗe, ciki ya riƙa komawa a hankali. Gwada da "sss", ido a kan agogon waya. Fara da sakan 15, sauti daidai daga farko har ƙarshe, ba rawa. Cikin makonni za ka kai 25 ko 30. Kada ka cika huhu fam kamar mai shirin nutsewa a tafki. Iskar da ta yi yawa maƙogwaro ne zai tare ta, ka ga an koma gidan jiya.

Akwai gwajin da nake yi wa duk sabon ɗalibi. Ja "sss" iyakar ƙarfinka ka rubuta, ka huta, ka ja "zzz" ka rubuta. Bakin bai canza ba, bambancin kawai "z" tana da ziza, wato tantanin suna kaɗawa. A lafiyayyar murya biyun kusan kai ɗaya suke. In "sss" ta kai 21, "zzz" ta tsaya 14, kuma haka take yi kullum, iska na yoyo tsakanin tantanin, a sa ido.

Masu bege da zabiyoyi da yawa a zaune suke aiki. Ba laifi, amma zauna a kan ƙashin ɗuwawu, baya a miƙe, kada ciki ya lanƙwashe. Mai karanta baiti a waya ya ɗago wayar daidai ido. Haɓa kuma ba ta bin sauti sama. In ka ga kana ɗaga ta, wuya ya karɓe aikin.

Mataki na biyu: tashin murya

Ɗan kokawa ba ya faɗawa fili jiki a sanyaye. Minti 10 zuwa 15 sun isa, kuma jerin yana da dalili, daga mai sauƙi ake hawa.

Fara da hamma ta gaske, sau uku ko huɗu, ka bar ta ta ƙare da ajiyar zuciya mai ɗan sauti daga sama zuwa ƙasa. Murza muƙamuƙi da yatsu a gaban kunne, inda tsokar tauna take. Daga nan sai gunna. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajawidi ya san gunnar mimun da nunun, to ita ce. Rufe leɓe, haƙora ba su haɗu ba, ka ja "mmm" a sautin da kake magana da shi. Nemi ƙaiƙayi a leɓe da karan hanci. In a maƙogwaro kake jin nauyin, rage ƙarfi. Sai ka ɗan yi yawo da ita, sama kaɗan, ƙasa kaɗan.

Na biye shi ne karkaɗa leɓe, "brrr", yadda yara ke kwaikwayon babur. In ya ƙi, tallafi kumatu da yatsu biyu. Wanda ya gagara ya karkaɗa harshe da "r" irin ta "barka". Amfanin wannan, ba ya yiwuwa sai iska na tafiya daidai: ka matse ya tsaya, ka saki da yawa ya watse. Shi da kansa yake gyara ka.

Sai wanda na fi so, kuma da za a ce in zaɓi guda in bar saura, shi zan riƙe. Samo kwalbar ruwa ta roba, ruwa rabi, da bututun shan lemo. Tsoma bakin bututun santimita 2 zuwa 3 cikin ruwan, ka kama ɗaya bakin da leɓe, ka ja "uuu" ruwan na ɓulɓula. Kumatu su saki har su riƙa rawa. Hau sama ka sauko kamar jiniya, a hankali, sannan ka rera karin waƙarka duka ta cikin bututun. Masu gyaran murya a ƙasar Finlan suka daɗe da wannan dabara ta bututu cikin ruwa, yanzu ta bazu duniya. Yadda take aiki: da ka ƙuntata mafita, wani kaso na iskar yana komowa ya tokare tantanin daga sama, sai su kaɗa ba tare da sun mari juna da ƙarfi ba. Minti biyu zuwa uku, sau da yawa a yini, ya fi rabin awa a zama ɗaya. Kada ka zurfafa bututun don neman ƙarfi.

Daga nan buɗe baki: ma, me, mi, mo, mu, kana hawa taki-taki. Ƙare da waƙar da ta fi maka sauƙi, a tsakiyar muryarka. Ladan mai kiran assalatu ba shi da minti 15, na sani. Ya sha ruwa da tashinsa, ya yi gunna ƙasa-ƙasa a hanyar masallaci, ya bar lasifika ta yi masa ƙarfin.

Mataki na uku: harshen da muke waƙa da shi

Nan zan daɗe kaɗan, domin darussan da yara ke kallo a intanet ba don Hausa aka yi su ba. A Hausa babu kalmar da ke farawa da wasali tsirara. Ido, uwa, aure, ina, kowace akwai hamza a gabanta ko da ba a rubuta ba, irin tsayawar nan da ke tsakiyar "a'a". Hamza kuwa rufe tantanin ce ruf, sannan a ɓalle su. A hira ba komai. Amma mawaƙin da ya buɗe baiti da "Allah" ko "Amarya" a saman murya da dukan ƙarfinsa, mari ne ya kai wa tantanin, kuma a dare guda sau nawa? Gyaran shi ne ka fara da "ha, ha, ha" a taushashe, ka riƙa rage "h" ɗin har ta ɓace, hamzar ta rage ƴar taɓawa kawai. Kalmar tana nan Hausa, duka ne ya ragu.

Haka ƙ da ts: maƙwallato rufewa yake ya yi sama kafin su fito. A ɓ da ɗ kuma ƙasa yake yi. Baiti mai yawan waɗannan haruffa yana sa maƙogwaro kai da komo, in ba a kula ba ya ƙage a sama. Karanta baitin da magana tukuna, a hankali, yatsa a kan zakaran wuya, ka tabbata yana komawa mazauninsa bayan kowane harafi. Baƙin ya fito gajere mai tsabta, wasali ya ɗauki sautin.

Sai karin sauti da tsawon wasali. "Wuya" ta jiki daga sama take saukowa, "wuya" ta wahala daga ƙasa take hawa. "Gari" na mutane gajere ne a farko, "gari" na tuwo dogo. Tsofaffin makaɗa ba sa karya waɗannan, shi ya sa kake jin kowace kalma tasu ko kalangu na tsawa. Yaron da ya ɗauko karin wata ƙasa ya cusa masa Hausa yana faɗa da bakinsa: harshe na son sauka, kiɗa na ja sama, maƙogwaro ke biyan kuɗin. Faɗi baitin da baki sau uku, ka saurari inda yake hawa da kansa, ka ɗora karin a kai. Inda za ka ja sauti, ja shi a kan dogon wasali.

Mataki na huɗu: hawa sama

Kowa yana da murya biyu. Akwai mai kauri ta magana, wadda kake jin ta a ƙirji, akwai siririya ta sama, irin ta guɗa. Tsakaninsu akwai mararraba inda murya ke son karyewa. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauko ta ƙirji a tura ta sama da ƙarfin tsiya. Yi akasin haka: da ka doshi mararrabar, rage ƙarfi, ka ɗan tsuke wasalin ya karkata wajen "u" ko "o", ka bar muryar ta sirance. Fara daga sama ka gangaro da "uuu", don gangarowa ta fi koyar da hanyar. Da farko za ta fito ba daɗi, wata biyu ko uku sai gaɓar ta fara ɓacewa. Ma'aunina guda ne: sautin da ba ka iya yin sa a hankali, sai da ihu, bai zama naka ba tukuna.

A sitidiyo kuma kada kunya ta cuce ka. Mai fiyano yakan ɗora kiɗa inda hannunsa ya saba, musamman ga mata, da ake so duk su yi siririyar murya ɗaya ko wadda Allah ya ba mai kauri. Ce masa, "Ɗan'uwa, sauke mini kiɗan nan taki biyu." Maɓalli ɗaya zai danna. Na'ura tana gyara sautin da ya kauce, ba ta gyara tantanin da ya kumbura, kuma waƙar da ka ɗauka a inda ba ka kai ba, ita za a ce ka maimaita a kowane buki.

Iyayenmu makaɗan fada sun warware wata matsala tun kafin a san sunanta. Jagora ya ja baiti, ƴan amshi su karɓa, shi ya haɗiyi yawu ya maida numfashi. Kirari da shelar kyauta kuma na sanƙira ne. Mawaƙin yau shi ke ja, shi ke amshi, shi ke kiran sunan masu liƙi, awa huɗu. Raba aikin nan. In amshi ya zo, yi shiru da gaske.

A filin buki

Mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba in hayaniya ta hana shi jin kansa. Wani likita Bafaranshe, Etienne Lombard, ya bayyana wannan tun 1911. Don haka ka je da wuri ka ce wa mai kayan sauti ya juyo maka da ƙaramar lasifika guda wajenka, har ka ji kanka ba tare da ƙoƙari ba. Makirufo kusa da baki, tazarar yatsu biyu ko uku, kada ka dunƙule kansa da tafi. Janareto ya koma inda iska ba za ta kawo maka hayaƙinsa ba. A yayyafa wa fili ruwa kafin a fara rawa, ko na wanke-wanke ne.

Mafi yawan dishewar da ake ɗora wa waƙa, hira ce ta kawo ta. Ka sauka ana kiɗa, abokai sun kewaye ka, kana ta ɗaga murya. Ka hau kabu-kabu kana magana da direba iska na dukan bakinka. Ka isa fada, majalisar abokai, a ci gaba da hira har ƙarfe biyu. Da ka gama, koma gefe ka yi gunna ko bututu minti biyar kana gangarowa ƙasa, ka gaisa da hannu, ka tafi gida. Barci ne ke sassabe kumburin yini.

Ruwa, ƙura da abincin dare

Tantanin nan suna lulluɓe da siririn danshi, shi ne man gyaransu. In ya bushe sai an ƙara ƙarfi kafin su kaɗa. Garinmu kuwa bushewa ce sana'arsa: daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na sauke danshin iska ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura, a Afrilu da Mayu zafi ya haura 40, gumi ya kwashe sauran. Ruwan da ka sha yana ɗaukar sa'o'i kafin ya amfani murya, saboda haka na waƙar dare tun safe ake shan sa, kaɗan-kaɗan. Lita 2 ita ce ƙasa, a bazara fiye. Fitsari ne alƙali: in ya yi ja, kana baya. Ruwan sanyi ba ya lalata murya, tunda ba ya taɓa tantanin. In dai yana sa maka tari, sha na randa.

Shaƙa ta hanci duk lokacin da ba waƙa kake ba, shi ke tace ƙura ya jiƙa iska. A kan babur rufe hanci da baki. Amawalin rawani da lulluɓin Buzaye ba ado kaɗai ba ne. Da dare yi surace da ruwan zafi zalla, minti 10, ba tafasasshe ba, kuma ba a zuba masa man shafawa mai yaji. Wannan tururin yana isa har wurin. Hayaƙi ma haka yake isa: taba, shisha, murhun itace, maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta a rufaffen ɗaki. Zabiya, ki turara ɗaki ki buɗe taga kafin ki zauna. Taba kam babu sulhu da ita.

Akwai ɓarawon da ke zuwa cikin barci. Ka dawo buki da yunwa, ka ci tsire da yaji ko tuwo mai maiƙo, ka bi da shayi mai kauri, ka kwanta. Ruwan tsamin ciki ya taso har maƙogwaro. Wani yana jin ƙwannafi, wani ba ya jin komai, sai dai ya tashi da ɗacin baki, murya a shaƙe, da wani abu tokare a wuya. Bar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya, ka ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo guda-guda. Jiƙon kanwa yana kwantar da zafin na ɗan lokaci, ba ya hana tasowar. Shayi da goro a rage su da yamma. Da azumi, alaramma da mai limancin asham su rarraba ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur, kada a tara shi a ƙarshe, kuma kada a koma shimfiɗa da gama sahur.

Yawan gyaran murya da kaki shi ma duka ne, kuma yana kiran wani. In ka ji majina, kurɓi ruwa ka haɗiya da ƙarfi.

Idan ta riga ta dishe

Wata shekara mura ta kama ni a tsakiyar mako mai buki biyar, na riga na karɓi kuɗin kafin alƙalami. Wani mai tallar magani a faranti ya haɗa mini ƙwayoyi, a ciki akwai deksa da na kashe ciwo. Muryar ta buɗe kamar ba abin da ya same ta, na yi dare biyu. A na uku, ina tsakiyar hawa, ta yanke kamar an ɗauke wuta. Da lokotoro ya leƙa sai ya ga jini ya kwanta a tantani guda. Ya hana ni magana ɗungum mako ɗaya, ban koma fili ba sai bayan wata uku. Deksa tana rage kumburi ta ɓoye maka gargaɗin jiki. Asfirin da ibuprofen suna sa jini saurin ɓallewa. Tramol tana hana ka jin ciwon da ya kamata ya tsayar da kai. Wasu magungunan mura kuma busar da maƙogwaro suke. Mata su guji duk maganin da ke ɗauke da sinadarin halittar maza, don in ya kaurara murya ba ta komawa.

In mura ta dishe ka, yi shiru kwana biyu ko uku, ruwa, surace, barci. Raɗa ba hutu ba ce, matse maƙogwaro take. In dole ne, yi magana ƙasa-ƙasa da muryarka ta ainihi, ko ka rubuta. Je wurin mai buki da kanka tun da wuri: "Alhaji, a yi mini afuwa, murya ta ƙi. Ga yarona zai ja, ni zan tsaya a kansa." Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya ci gaba da tursasa ta, tantanin kan yi kanta a gefe biyu, inda suka fi bugun juna, kamar tafin manomi. An fi ganin wannan ga mata da yara masu ihu. Akasari tana bajewa in an gyara yadda ake amfani da muryar, ba sai an yi aiki ba. Cire beli wajen wanzami ba ya maganin dishewa: beli yana can sama a bayan baki, sauti a ƙasa yake fita, ga haɗarin zubar jini da shigar cuta.

Dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku, kada a bari ta haura huɗu, sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa, a babban asibitin ƙasa na nan Zinder. Ka roƙa a leƙa tantanin, don gani ya kori ji. Kada ka jira ko kwana ɗaya in muryar ta yanke farat ɗaya kana waƙa, ko numfashi na yi maka wuya. Haka in akwai jini a kaki, ciwon haɗiya, ƙullutu a wuya, ko rama da tari mai daɗewa, domin tarin fuka yana kama maƙogwaro, ciwon daji ma da dishewa yake fara sallama, musamman ga mai shan taba. Wanda za a yi wa aikin maƙoƙo ya gaya wa likita tun farko cewa da murya yake ci, jijiyar da ke motsa tantanin ta nan take bi.

Malaman islamiyya, ga amana. Yaro tsakanin shekara 12 da 15 maƙwallatonsa girma yake, kaɗawar muryarsa tana raguwa kusan da rabi. In ta fara karyewa kada a tilasta masa sautin da yake kaiwa bara, a sauke masa, ya yi gajere. Wasu mata kuma muryarsu kan yi nauyi kwanaki kaɗan kafin al'ada. A ɗaga ɗaukar waƙa zuwa wani mako in da hali.

Komawa aiki bayan jinya da bututu ake farawa: minti biyar, sau uku a yini, kwana biyu. Sai gunna da waƙa mai sauƙi minti 10, ana ƙara biyar-biyar muddin gobe ba ta fi yau muni ba. Kowace safiya, bayan ka sha ruwa ka ɗan yi gunna, ja "iii" siririya a sama, a hankali ƙwarai, kamar kada na kusa da kai ya ji. In ta fito tsaf, ranar ta waƙa ce. In iska ta riga sautin fita, ko ya yanke a hanya, akwai sauran kumburi: ɗan amshinka ya ja yau, kai ka koma ga kwalba da bututu.